Wasiƙa a ƙasar Katsina: takarda, hatimi da bakin manzo

Kalmar wasiƙa aro ce daga Larabci, kuma a can tana nufin takardar da ake dogaro da ita, saiwarta ɗaya da kalmar amincewa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe bakin zaren. Rubuta saƙo bai taɓa zama babbar wahala ba ga wanda ya iya alƙalami. Wahalar ita ce mutumin da ke Sakkwato ko Alƙahira ya gamsu cewa takardar da ke hannunsa daga inda aka ce ta fito nan ta fito, ba a taɓa ta a hanya ba, kuma mai karanta masa ita bai ƙara gishiri ba. Kusan duk dabarar da aka ƙirƙiro a harkar wasiƙa, daga hatimi har zuwa rajista a gidan waya, don toshe ɗaya daga cikin waɗannan kafofi aka yi ta.

Abin ya daɗe. A 1887 aka tono allunan yumɓu kusan 380 a Amarna ta ƙasar Masar, yawancinsu wasiƙun da sarakunan Babila da Mitanni da hakiman ƙasar Sham suka aika wa Fir'aunoni a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen tsohuwar Iraƙi kuwa sukan lulluɓe allon da wani ɓawon yumɓu, su birgima hatimi a kai, ba mai ganin rubutun sai ya fasa ɓawon. Ambulan ke nan tun kafin a san takarda.

Amma tsarin da malaman Katsina suka gada daga Musulunci ya zo. Duk ɗan makarantar allo da ya kai Suratun Namli ya karanta wasiƙar Annabi Sulaiman zuwa ga sarauniyar Saba: sunan mai aikowa, bisimilla, sai umarni a taƙaice. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi niyyar rubuta wa sarakuna bayan sulhun Hudaibiyya, aka shaida masa ba sa karanta takardar da ba hatimi. Sai aka ƙera masa zoben azurfa mai layi uku: Muhammad, Rasul, Allah. Dihyatul Kalbi ya ɗauki ta Hiraƙla na Rum, Abdullahi bin Huzafa ta Kisra na Farisa, Haɗib bin Abi Balta'a ta Muƙauƙis na Masar. Tarihi ya adana sunayen masu kaiwa kamar yadda ya adana matanin, domin a wancan zamani manzo rabin wasiƙa ne.

Ofishin hatimi na musamman kuwa wata zamba ce ta haife shi. Malaman tarihi sun kawo cewa Mu'awiya ya rubuta wa gwamnansa na Iraƙi a ba wani mutum dirhami dubu ɗari. Mutumin ya buɗe takardar a hanya, ya mayar da ɗari ta zama ɗari biyu, abin da a Larabci ƙarin haruffa kaɗan yake bukata. Sai lokacin lissafi asiri ya tonu. Daga nan aka kafa diwanin hatimi, ana ɗaure wasiƙa a rufe ta kafin ta bar fada.

A wannan yanki namu, wasiƙar sarauta da aka fi ambata saboda tsufanta ita ce wadda Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ, ta isa a shekarar 794 ta Hijira, wato 1391 zuwa 1392. Kuka ya kai a kan Larabawan Juzam da ke kama mutanensa Musulmi suna sayarwa. Ta tsira ne saboda wani magatakardan fadar Masar, Al-Ƙalƙashandi, ya kwafe ta cikin kundinsa Subhul A'asha. Da yake ɗan sana'a ne, bai tsaya ga matani ba. Ya lura takardar mai kusurwa huɗu daidai ce, rubutun Magaribi ne, layi manne da layi, ba a bar gefe ba, ƙarshen maganar ma a bayan takardar aka ƙarasa shi. A fadar Masar faɗin takarda da tazarar layi alamar girma ne, kowane matsayi da ma'auninsa. A nan kuwa takarda sai ta keto Sahara a kan raƙumi, ba mai barin rabinta fari don ado.

Bayan kimanin shekara ɗari sai ga sunan Katsina. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto nasiha daga Alƙahira zuwa ga sarakunan ƙasar Takrur, wato Afirka ta Yamma, ya ambaci Sarkin Agadas da Ibrahim mai Katsina, wanda masana ke ɗauka Ibrahim Sura ne. A daidai wannan zamani Al-Magili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa na Kano tasa nasihar. Wasiƙar Suyuɗi ta nuna abu biyu ba tare da ta faɗe su ba: alhazai da fatake sun kai labarin Katsina har Masar, kuma a fadar Katsina akwai wanda zai warware Larabcin babban malami ya fassara wa sarki.

Kayan aikin fa? Takardar da ta fi yawo a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. In aka ɗaga ta a hasken rana za a ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, wani lokaci da sunan masana'antar Galvani. Alƙalami na gamba ne ko sillen kara, a fiƙe bakinsa a karkace, a tsaga shi kaɗan don ya riƙe tawada. In tsagar ta yi tsawo tawada ta zubo ta yi ɗigo, in ba ta isa ba sai an yi ta komawa kurtu a kowane harafi.

Tawada ita ce inda wanda bai san aikin ba yake faɗuwa. Ta allo, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, da gangan aka yi ta don ta wanku. A takarda kuwa illa ce, domin yayyafi ɗaya ko ƙetare gulbi da damina ya isa ya mayar da wasiƙa dabbare-dabbare. Ta takarda daban ce. Ana daka 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, a jiƙa, a tafasa da kashin maƙera ko guntayen ƙarfe, a tace, sannan a sa ƙaro. Sinadarin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfen ya ba da launin da ke shiga cikin zaren takarda, ba ya zauna a samanta kawai ba. Tana fara fitowa da haske, ta ƙara duhu bayan ta sha iska. In ƙaro ya yi kaɗan rubutu ya malale, in ya yi yawa takardu su manne da juna lokacin raɓa. In kuma ƙarfe ya yi yawa, tawadar ce za ta ci takardar a hankali, shi ya sa ake samun tsofaffin takardu da haruffa sun zama huda.

Wasiƙar fada a zamanin daular Usmaniyya ta Sakkwato da Larabci ake rubuta ta, ko da mai aikawa da mai karɓa duk Hausa ko Fulatanci suke yi a gida. Ajami ya fi yawa a waƙoƙi da harkokin yau da kullum. Hatimi a sama yake zama, kuma da tawada ake buga shi: a shafa masa ita da yatsa, a ɗan jiƙa gurbin, a danna. Ba kowane mai rawani ke da shi ba, sabon sarki kuma sabon hatimi. Daga nan sai bisimilla da salati, sai daga wane zuwa ga wane. A nan ake gane matsayi: na ƙasa ya ƙasƙantar da kansa ya jera wa na sama laƙabi, na sama ya taƙaita. Sai gaisuwa, sai amma ba'adu, sai maganar da ta kawo wasiƙar, wadda sau da yawa ba ta wuce layi uku ko huɗu, a rufe da haza wassalam.

Abin da ke ba mai bincike mamaki shi ne gajartar maganar, da kuma cewa da yawa daga cikin wasiƙun ba su da kwanan wata. Dalilin bai da nisa. Takarda tana iya faɗawa hannun abokin gaba, don haka sirrin a bakin manzo yake, ita kuwa aikinta ta shaida cewa wannan mutum daga fada yake, a saurare shi. Shi zai faɗi ranar da ya taso, da abin da ya baro, da abin da sarki bai so a rubuta ba. Shi ya sa ba a aiken kowa. Bawan sarki ne amintacce ko malami sananne, wanda can ma an san fuskarsa. Kuma ba ya zarcewa gaban Sarkin Musulmi kai tsaye, kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, wato babban da al'amuranta ke bi ta hannunsa. Haka hakimi yake da ƙofarsa a fadar Katsina. Manzo ya sauka gidan ƙofa, a karanta, a tauna, sannan a shigar.

Hanyar ma ba wasa ba ce. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina sun kafa Maraɗi, na Gobir suna Tsibiri, na Daura sun koma Zango da Ɓaure. Mai zuwa Sakkwato daga Katsina sai ya ratsa Zamfara da dajin Gundumi, inda ayari ke tafiya dare da rana ba tsayawa saboda ƙishirwa da tsoron hari. Saƙo mai muhimmanci ba a dogara da kwafi ɗaya, kuma manzo yakan jira rakiya ko ayari, ko da hakan zai ci kwanaki.

Wasiƙa ta yi aikin da ya wuce umarni. Lokacin da sarakunan Katsina da Daura da Kano suka nemi gudummawar Borno a kan masu jihadi, muhawara ta ɓarke tsakanin Muhammadul Amin Al-Kanemi na Borno da shugabannin Sakkwato a kan halaccin yaƙin. Da takarda aka yi ta, hujja na bin hujja, kuma Muhammadu Bello ya adana wasu cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, har da na abokin jayayyarsa. Wannan gaba ce ta rutsa da Baturen Ingila matafiyi Kilafaton. A 1824 ya koma gida ta Katsina ɗauke da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Da ya dawo a 1826 yana ɗauke da saƙo zuwa Borno, ya tarar ana yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu. Aka karɓe wasiƙar, aka hana shi wucewa, a Sakkwato ya rasu a 1827. A ganinsa an keta amana. A ganin fada kuwa ba sarkin da zai bar takarda a rufe ta ratsa ƙasarsa zuwa wurin wanda yake yaƙa.

Misalin da ya fi nuna haɗarin wasiƙar da aka raba da asalinta shi ne na 1902. Lugga, Baturen da ya jagoranci mamaye Arewa, ya ce ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman tana cewa ba wata mu'amala tsakaninsu sai yaƙi, ya kuma kafa hujjar kai yaƙi da ita a Landan. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, kafin watan ya ƙare Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu. A 1964 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Mafet, ya yi jayayya mai ƙarfi a kan ingancin takardar da yadda aka yi amfani da ita. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, darasin sana'a ɗaya ne: fassara ba ta ɗauke da hatimi, ba ta nuna hannun magatakarda, ba ta da manzon da za a yi wa tambaya.

Gidan waya ya zo da wata dabara dabam, wato a amince wa hukuma maimakon mutum. A Ingila kafin 1840 mai karɓa ne yawanci ke biya, bisa nisa da yawan shafi, ga tsada, mutane na ƙin karɓa. Wani Bature mai suna Rolan Hil ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari ba shi ke cin kuɗi ba, lissafi da bin bashi ne. Aka koma mai aikawa ya biya kwabo ɗaya na kuɗinsu ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, kimanin giram 14, ko ina za ta a cikin ƙasa. A watan Mayun 1840 kan sarki na farko ya fito, wasiƙu suka tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kimanin miliyan 169 a 1840. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ban na Siwizalan a 1874 ta sa ƙasashe suka yarda su riƙa isar da wasiƙun juna. A Arewa, kan sarki na farko a 1900 hoton sarauniya Biktoriya yake ɗauke da shi, amma ta rasu a 1901, sarakuna maza suka biyo baya har rabin ƙarni, sunan ya zauna a haka. Gidan waya kuwa daga wayar tangaraho ya samo sunansa, tunda a gini ɗaya ake yin su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 amma bai ƙaraso birnin Katsina ko Daura ba, don haka buhun wasiƙa sai ya ƙarasa ta hanyar ƙasa. A 1936 jirgin sama ya fara kawo wasiƙu Kano ta Hartum.

Sai dai hukuma ta warware matsalar ɗauka ne kawai. Gidajen cikin birni ba lamba, ba sunan titi, ga mai suna Sani ko Lawal a kowane zaure. Wasiƙa takan tsaya a akwatin gidan waya na makaranta, ko na En'e, ko na wani mai kanti, a rubuta ta hannun wane. Mai akwatin ya ga dama ya kai yau, ya ga dama sai ranar kasuwa. Kuɗi a cikin ambulan kasada ce, shi ya sa aka fito da fasa'oda da rajista, inda ake ba mai aikawa rasit, mai karɓa kuma ya sa hannu. Duk da haka mutane da yawa sun fi yarda da direban tasha ko ɗan unguwa mai tafiya Ikko, musamman in saƙon Maraɗi ne ko Damagaram, inda wasiƙar hukuma sai ta ratsa tsarin gwamnatoci biyu alhali ɗan kasuwa zai kai ta da yamma.

Matsalar karatu ta ma fi girma. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939 da filin wasiƙun masu karatu, Yaƙi da Jahilci ya bazu a shekarun 1950, amma mafi yawan masu bukatar wasiƙa sai an rubuta musu. Ga malamin tsangaya mai ajami, ga ɗan makarantar boko, ga mai teburi a bakin kotu ko gidan waya. Salon fada ya sauko cikin Hausa kusan yadda yake: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, bayan haka, har zuwa haza wassalam.

A duba yadda ake shiftar. Tsohuwa ta zauna gefen tabarma tana son aika wa ɗanta na fari da ke aiki a Kaduna. Ba za ta kama sunansa ba. Marubuci ya ce, "Inna, wane suna za a sa a ambulan?" Ta juya ga jikar da ta rako ta, ita ta faɗa. Sannan ta fara: "Ka ce mashi duk muna lafiya. Ka ce mashi Malam na gaishe shi." Gaisuwa ta ci rabin shafi, kowa da sunansa, don wanda aka tsallake zai ji a ransa. Ainihin maganar, cewa rumbu ya yi ƙasa ko ana son ya zo a yi zancen auren ƙanwarsa, a ƙarshe za ta fito, a lulluɓe, tunda marubuci baƙo ne kuma a can ma wani ne zai karanta. Marubucin kirki yakan maimaita mata abin da ya rubuta kafin ya liƙe. Wanda ba na kirki ba ya gyara magana yadda ya ga ta fi daɗi, a nan rigimar dangi ke samo asali.

Rubutun kansa yana da tarkonsa. Ajami bai cika raba wasalin o da u ba, kuma a salon Magaribi fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wanda ya saba da bugun Masar sai ya karanta ƙaf a matsayin fa. Boko ya sami haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, amma yawancin tafireta da tangaraho ba su da su. Jimla kamar "ya bata kudin" tana iya zama ya ba ta kuɗin, tana iya zama ya ɓata kuɗin, kuma tsakanin biyun akwai zaman sulhu. Ba mamaki da rakoda ta yawaita mutane suka koma ɗaukar murya a kaset suna aika wa 'yan uwa a Makka da Sudan. A 1985 aka raba harkar waya da ta wasiƙa, NITEL da NIPOST, a 2001 wayar salula ta shigo, wasiƙar zumunci ta ja baya cikin 'yan shekaru. Saƙon murya na WhatsApp ya mayar da al'amarin baki, inda dama ya fi sabo. Takarda ta rage a inda ake neman shaida: naɗin sarauta, takardar mai unguwa, sammaci, ɗaukar aiki, saki. A nan kuma tsohuwar cutar zamanin Mu'awiya tana nan, tunda kwamfuta na kwaikwayon tambari da sa hannu cikin minti kaɗan. Magani bai sauya ba: a duba lambar wasiƙar a rajistar ofishin da aka ce ya fitar da ita, ko a tuntuɓi mai sa hannun ta wata hanya dabam.

Akwai gidajen malamai da na sarauta a Katsina da Daura da har yanzu ke da tsofaffin wasiƙu a cikin gafaka ko adaka. Wadda ba ta da kwanan wata ana iya kusantar shekarunta ta haɗa abu uku: zamanin mai hatimin, zamanin wanda aka aika wa, da alamar da ke jikin takardar. Inda zamunan biyu suka haɗu, nan ne tazarar, wani lokaci shekara uku ko huɗu kacal. Don haka yanke gefen da hatimi yake, ko raba wasiƙa da ƙunshin da aka same ta, asara ce babba. Kada a liƙa mata salatif, gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo. Kada a kai ta a rufe da roba mai zafi, domin ba a iya cire ta kuma zafin na ƙara gaggauta cin da tawadar ƙarfe ke yi. A warware ninkin a hankali, in ya ƙi a bar shi. A sa kowace tsakanin farar takarda biyu, a ɗaga akwatin daga ƙasa da jikin bango saboda gara da laima, a riƙa dubawa farkon damina da ƙarshenta. In za a ɗauki hoto, a ɗauki gaba da baya a hasken inuwa, sannan a ɗaga ta a rana a ɗauki na uku don alamar cikin takardar ta fito.